Zare: wa ke da wuƙa da nama a kan abin da muke dannawa a waya?

1/ Tun da na fara saka ayyukan dizain ɗina a nan, tambaya biyu ce ke ta maimaituwa a akwatin saƙona: "Wace manhaja zan koya?" da "Wata nawa kafin in fara samun dala?" Amsar ta farko Figma ce, a burauza take buɗewa, kuma ɗalibi na iya samunta kyauta. Ta biyun sai Allah. Akwai ta uku da ba a yi min, ita zan amsa yau. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Tambayar ita ce: in mutum shida ko takwas suka taru suna gina manhaja, wa ke yanke hukuncin yadda za ta kasance a hannun mai amfani da ita? In ra'ayi ya saɓa, maganar wa ake ɗauka? Kuma sabon shiga a wurin wa zai koyi wannan? Figma wata biyu sun ishe ka ka iya ta. Wannan ɗin ne ke cin shekaru.

3/ Wani Ba'amurke, Don Norman, ya fitar da littafi a 1988 kan kayan amfanin yau da kullum. Misalinsa da ya fi yawo shi ne ƙofa. Ka zo ka ja, ashe turawa ake yi, ka waiga ko wani ya gan ka, ka ji kamar kai ne baƙauye. A wurinsa laifin na wanda ya ƙera ƙofar ne, tunda shi ya sa mata mariƙin da ke kiran hannu ya ja.

4/ Ya koma aiki da Apple a 1993, kuma daga can ne sunan wannan sana'a ta kula da abin da mai amfani ke fuskanta ya bazu. Sama da shekara 30 ke nan fa. Amma a yawancin ƙananan kamfanoninmu har gobe mai dizain mai fenti ne.

5/ Oga ya kwana ya tashi da tunanin manhaja, masu rubuta kod su duƙufa wata huɗu, sai saura kwana uku a fitar a tuna da kai: "Ɗan zo ka sa mana kala ta yi kyau." Kamar a aika kiran mai ƙunshi bayan an kai amarya ɗakinta. Duk hukuncin da ke da muhimmanci an riga an yanke, kuma waɗanda suka yanke ba su ma san sun yanke ba.

6/ Na yi SIWES ɗina na wata shida a wani ƙaramin kamfani a Kano. Sunansa ba shi da amfani a nan. Mu takwas ne: oga, masu kod huɗu, mai kula da talla, shugabar dizain wadda kowa ke ce wa Anti, sai ni 'yar koyo. Abin da na sani game da shugabanci a wannan harka, kusan duka daga kallon matar nan na samo shi.

7/ Manhajar adashe muke ginawa. Tunanin oga mai kyau ne wallahi. Uwar adashe na rubuta zubi a littafi, littafi na ɓata, yaro na yaga shi, ruwa na jiƙa shi, a zo ana rantse-rantse kan wa ta zuba wa ba ta zuba ba. To a mayar da littafin cikin waya, kowa ya huta.

8/ Ni da Anti kusan tare muka zo, mun tarar an gina wajen rabi. Akwai shafin da ke jera sunayen 'yan adashe. Wadda ta zuba, koren alama. Wadda ba ta zuba ba, jan tambari ɓaro-ɓaro kusa da sunanta, kowa a rukunin yana gani. Babban mai kod ɗinmu da wannan shafin yake alfahari. Ya ce kunya za ta sa kowa ya biya a kan lokaci. In lissafi za a bi, gaskiyarsa.

9/ Anti ba ta yi musu da shi a mitin ba. Cewa ta yi: "Malam, ranar Talata ka ara min awa biyu, ka raka ni unguwa." Ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta je wurin oga ta karɓo masa awa biyun, aka rubuta su cikin jadawalin aikin mako kamar kowane aiki. Ku riƙe wannan. Ba alfarma ta roƙa ba, cikin aiki ta saka shi.

10/ Gidan wata Hajiya muka je, mai sayar da atamfa da kayan kicin daga gida, ta fi shekara goma tana riƙe da adashen mata wajen arba'in. Aka miƙa mata wayar. Ta ɗan nisanta ta da fuskarta, ta duba, ta ce: "'Ya'yan nan, wannan jan abin na mene ne?" Malam ya yi bayani da murnarsa. Ta ajiye wayar a kan tabarma. "To ranar da kuka sa wannan, ranar adashena zai watse."

11/ Ta ce a cikin matan akwai wadda mijinta ke kwance, sati uku ke nan ita ke zuba mata daga aljihunta, babu wadda ta sani, in kwasarta ta zo ta cire abinta. Rabin aikin uwar adashe rufin asiri ne. Littafin nan da muke rainawa, ita kaɗai ke buɗe shi, kuma da gangan ne. Mu mun ɗauka matsala ce za mu gyara, ashe ginshiƙin abin ne.

12/ Ba ta tsaya nan ba. Manhajar ta kafe jerin kwasa da ƙuri'a, babu canji. Hajiya ta yi dariya. Wadda bikin 'yarta ya matso fa? Mai haihuwa fa? Wadda aka koro yaranta kan kuɗin makaranta? Musanya ake yi, wannan ta ja baya waccan ta matso, a yi shi cikin mutunci. Ga mai hannu biyu. Ga mutum biyu da suka haɗa hannu ɗaya, kowa rabi. Kod ɗinmu bai san rabin mutum ba.

13/ Sai na ƙarshe, wanda ni ya fi tsaya min a rai. In kwasarki ta zo, sanarwa kan faɗo a fuskar waya da adadin kuɗin a rubuce, ko wayar na kulle. A gidaje da yawa wayar na yawo ne hannu zuwa hannu: yara na kallo, ƙanin miji ya ara ya yi kira. Hajiya ta ce kafin magariba masu neman rance sun yi layi, kuɗin da aka yi wata goma ana tarawa don keken ɗinki ya bi ruwa.

14/ A adaidaita sahu muna dawowa Malam bai ce uffan ba. Washegari da kansa ya cire jan tambarin, ya mayar da jerin wanda bai zuba ba wurin uwar adashe kaɗai, ya cire adadin kuɗi daga sanarwa. Babu wanda ya umarce shi.

15/ Ga abin da na gano daga baya: Anti ta san kusan duk abin da Hajiya ta faɗa. Cikin adashe ta girma kamar yawancinmu. Da ta so, a mitin za ta zayyana su. Amma da ta yi, da ya zama ra'ayin Anti da ra'ayin Malam, kuma a ɗaki irin wannan wanda hannunsa ke kan kod shi ke cin nasara, ko da kuwa an ce an yarda da ke. Sai ta kai shi inda zai ji da kunnensa.

16/ Kuma ba sai an tara jama'a ba. Jakob Nielsen ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da abu, gara ka yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da ka yi babba sau ɗaya. Mu iyayen adashe biyar muka zaga cikin sati biyu. Kuɗin adaidaita da lemo ne kawai ya fita.

17/ Masu Airbnb ma, Brian Chesky da Joe Gebbia, makarantar dizain suka yi. A 2009 da kasuwa ta ƙi, New York suka tafi suna bin gidajen masu ba da haya ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaukar hotunan ɗakunan da kansu. Muna son ba da labarin biliyoyinsu, ba ma son ba da na ƙwanƙwasa ƙofa.

18/ Wani ɗan abu a gefe. Rubutun nan mai launin toka-toka a kan fari da muke kwafowa don ya yi "tsafta", ku fita da shi Kantin Kwari da azahar a kan wayar da gilashinta ya tsage. Babu abin da za ku gani. Ƙa'idar WCAG ta ce bambancin hasken ƙaramin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Anti ba ta amincewa da shafi sai an fita da shi rana.

19/ Ta fi kowa tsanani a kan saƙon da ke fitowa in abu ya ƙi. Ku tuna farkon 2023, bayan CBN ya sauya takardun 200, 500 da 1000, kuɗi suka ɓace daga hannu. Kowa ya koma tiransifa. An cire maka kuɗi, mai shago bai ga alat ba, manhaja ta jefo maka wata lamba da Turancin da ba ka gane ba, kana tsaye da kaya a hannu ana yi maka kallon ɓarawo.

20/ A lokacin ne mutane da yawa suka koma OPay, Moniepoint da PalmPay, don tiransifarsu na wucewa. To amma ko injin da ya fi kowanne kyau wata rana zai ƙi. Dokar Anti: duk saƙon matsala ya amsa abu uku. An cire kuɗina ko ba a cire ba? Me zan yi yanzu? Me zan nuna wa wanda ke gabana? In bai amsa ba, a sake rubutawa.

21/ Kada ku ɗauka kullum ita ke nasara. Da aka zo fitarwa, oga ya ce manhajar ta buɗe da Turanci, mai son Hausa ya shiga saiti ya canza. Dalilinsa: masu zuba jarin da za a nuna wa ba sa jin Hausa. Anti ta ja, ya ja. Ƙarshe ta sakar masa, shi kuma ya ba ta ƙarin sati biyu a gyara musanyar kwasa da rabin hannu.

22/ Na same ta bayan mitin raina a ɓace. Na ce: "Anti, yanzu matar da ba ta jin Turanci sai ta karanta Turanci kafin ta gano inda Hausa take?" Ta ce: "Na sani. Amma albashin mutum takwas na rataye da kuɗin mutanen nan. In kamfanin ya mutu, babu Hausar babu Turancin."

23/ Har yau ban gamsu ba. A ganina shafi ɗaya a farko mai maɓalli biyu, Hausa da Turanci, ya wadatar, aikin yini ɗaya ne, kuma mai zuba jari mai hankali burge shi zai yi. Ina ganin ta sayar da arha. Ita kuma tana ganin ban taɓa riƙe albashin kowa ba. Wannan kam gaskiya ne.

24/ Amma abin da ta yi bayan nan ya shiga raina. Tana da wata takarda da kowa ke iya buɗewa, inda take rubuta duk babban hukunci: kwanan wata, me aka yanke, wa ya yanke, saboda me, da ranar da za a sake dubawa. Ta rubuta na harshen, ta sa sunan oga, ta sa wata uku. Babu gori a ciki. Amma ranar da wani zai ce "masu dizain ne suka yi haka", takarda na nan.

25/ Sai zaman sukar aiki, duk Alhamis bayan la'asar. Nan ne al'adarmu ke ba mu wahala. An tarbiyyantar da mu ba a gyara wa babba magana a gaban mutane, kuma abu ne mai kyau a muhallinsa. Amma in oga ya fara cewa "ni dai ya yi min", shi ke nan an rufe taro, kowa sai gyaɗa kai, har wanda ya ga rami a gaba.

26/ Maganin da ta kawo mai sauƙi ne. Mafi ƙanƙanta shi ke fara magana, oga shi ne ƙarshe. Wato ni ce farko. Satin farko ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma ba a yarda ka ce "bai yi kyau ba" ko "ya yi kyau". Sai ka faɗi wa zai sha wahala, a ina, yana ƙoƙarin yin me.

27/ Ta ce daga Pixar ta aro rabin tsarin. Ed Catmull ya bayyana yadda manyan masu ba da labarinsu ke zama su kalli fim tun yana ɗanye, su faɗi gaskiya komai ɗacinta, amma zaman ba shi da ikon tilasta wa darakta komai. Shi zai je ya nemo gyaran. Haka namu: za a faɗa maka inda ke ciwo, magani naka ne. Shi ya sa mutum ba ya zuwa da shirin kare kai.

28/ Ɗaya rabin nata ne: in sukar mai nauyi ce kuma ta shafi babba, ba ta bari a yi a zaman. Ta same shi su biyu tukuna. Tsarin Kalifoniya ba ya shiga ofis a Kano yadda yake, sai an rage masa tsawo an ƙara masa faɗi.

29/ Bari in ɗan huce haushi kan haruffa. Ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Yawancin salon rubutun da masu dizain ke rububi ba su da su. Sai ka ga "ƙ" ta fito da wata kama daban a tsakiyar kalma, ko akwati ya maye gurbinta. Noto Sans na da su, Andika na da su. Minti ɗaya ne ka gwada kafin ka zaɓa.

30/ Ga fom ɗin da ke ƙin karɓar suna mai ɗauri a sama. Sa'adatu, Mu'azu, Ja'afar, Asma'u: a ce maka sunanka "ba daidai ba ne". Wani ne ya zauna ya rubuta wannan dokar a kod, kuma babu kowa a ɗakin da ya ɗaga hannu. Wataƙila akwai Mu'azu a ɗakin ma, bai ga wurin magana ba ne.

31/ To a ina ake koyon duk wannan? A ajinmu dai ba a koya min ba. Akwai tarukan GDG da DevFest da ake yi shekara-shekara, akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 wanda dizain na cikin fannoninsa, ga rukunonin WhatsApp ba adadi. Sun buɗe wa mutane da yawa ƙofa, ni ma a irin wannan taron na fara jin sunan sana'ar.

32/ Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Ka saka aikinka a rukuni, me za ka samu? 🔥🔥🔥 da "Masha Allah oga". Mutum ɗari biyu, babu mai cewa maɓallin nan ya yi ƙanƙanta ga babban yatsa. Kowa na tsoron a ce hassada ce. Sai mu yi ta yabon juna har ranar da mutum zai je neman aiki a tambaye shi "me ya sa ka yi haka?" ya tsaya yana kallon silin.

33/ Kuma ku duba abin da muke zanawa. Cikin ayyuka goma, bakwai manhajar odar abinci ce da hoton baga da fiza, farashi da dala. Ga masu POS, ga 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau, ga masu sayar da kaya ta sitatus ɗin WhatsApp da ke rubuta oda a bayan kwali, ga layin karɓar kati a asibiti. Duk a bakin ƙofarmu, kuma mu ne muke jin yarensu.

34/ Lokacin taro ma hukunci ne na dizain. In ka sa zama ƙarfe takwas na dare a wani lungu, ka riga ka zaɓi waɗanda za su zo, kuma ba mu ciki. Daga baya a hau nan ana tambaya wai ina matan Arewa a harkar fasaha. Muna gida, an kira magariba tun ɗazu.

35/ Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin irin su Anti. Duk wanda ya ƙware, ko Legas ta ɗauke shi, ko ya samu aikin waje yana yi daga ɗakinsa, ba ka ƙara jin ɗuriyarsa. Ban ga laifinsu ba, kowa da nauyin da ke kansa. Sai dai sakamakon shi ne ɗan shekara ɗaya a harka shi ke koyar da ɗan wata uku, shi kuma ya buɗe aji yana karɓar kuɗi.

36/ Julie Zhuo tana da shekara 25 aka ba ta shugabancin masu dizain a Facebook, kuma ita da kanta ta ce ba ta san ta inda za ta fara ba. Amma tana zagaye da waɗanda suka riga ta. Namu in an ce maka "kai ne shugaban dizain", yawanci ma'anarsa kai kaɗai ne mai dizain ɗin.

37/ Don haka roƙona ga manyanmu da ke karanta wannan a ɓoye, na san kuna nan: ba kwas muke nema ba. Awa ɗaya a wata, ku buɗe wani tsohon aikinku, ku nuna mana inda aka yi rigima, me kuka nema, me aka hana ku, me kuka saki. Hotunan aikin da aka gama muna ganinsu ko'ina. Rigimar ce ba a nuna mana.

38/ Mu kuma a makaranta mu bakwai mun fara namu zaman, duk Asabar ƙarfe goma na safe, a tashi kafin azahar. Ɗan aji ɗaya ke fara magana. An hana 🔥. Wanda zai zo ya zo da aikin da bai gama ba, kuma ya aro wayar da ta fi kowace tsufa a gidansu, a kanta za mu gwada.